Gawar Hafizu da Kujerar Wakili

Abdulilah Sani ya ci zaɓen wakilin Hausawan wani yanki na Ka'akiyya a Makka da rata mai yawa, amma bai hau kujerar ba. Ɗaso, matar da aka yi zaɓen saboda ita, tana gidan tsare baƙi tana jiran jirgin da zai mayar da ita Nijar. Gawar mijinta Hafizu tana inda take tun watan Sha'aban, a ɗakin sanyi na wani asibiti da ke kudancin Makka.

Hafizu, wanda aka fi sani da Ɗan'auta, mutumin Damagaram ne. Ya zo umara da matarsa fiye da shekara ashirin da suka wuce, ba su koma ba. Dako yake yi a tashar motocin Kudai. Wata ranar Talata da hantsi ya yanke jiki ya faɗi tsakanin motoci biyu, jakar wani alhaji tana kafaɗarsa. Likita ya ce zuciya ce. Ba a sami iƙama, wato takardar izinin zama, a aljihunsa ba, ba a sami wata takarda mai sunansa ba, sai carbi da makullin ɗaki.

A wannan yanki, idan marar takarda ya mutu, mutum ɗaya ne ke iya karɓo gawarsa: wakilin jama'a. Shi umda, wato mai unguwa, ya sani. Shi ke zuwa ya shaida cewa wannan wane ne, ɗan wane, umda ya buga hatimi ba tare da ya tambayi wa ya ba mamacin ɗaki ba. Duk wani ɗan ƙasa da ya je da kansa zai sha wannan tambayar, kuma amsarta laifi ce. Wakilin da ake da shi, Alhaji Mahmudu, ya riga Hafizu rasuwa da 'yan makonni.

Ba jama'a ke zaɓen wakili ba. Gidajen haya bakwai ne a yankin, manya, zagaye da katanga, waɗanda ake kira hosh. Kowanne yana ɗauke da sunan garin waɗanda suka kafa shi: na Kanawa, na Katsinawa, na Damagarawa, da sauransu. Kowane hosh yana da dattijo, kuma dattawan nan duk 'yan ƙasa ne, jikokin mahajjatan da suka zo a ƙafa. Yawancinsu sun daɗe da komawa unguwar Shisha, sun bar ɗakunan a hannun 'yan haya. Idan kujera ta faɗi, su bakwai ne ke zama a sha gahawa. A ajiye faranti ɗaya ga kowane ɗan takara, wanda ya shanye ya kifa kofinsa a farantin da yake so. Mai kofi huɗu shi ne wakili.

Wannan karon kofi shida ne kawai. Sa'ud, ɗan marigayi Mahmudu, ya gaji dattijantakar hoshin Kanawa, kuma shi ne ɗaya daga cikin masu neman kujerar, don haka kofinsa ba ya cikin lissafi. Ɗayan shi ne Abdulilah, mai shagon kayan gyaran mota a Kudai. An zauna sau biyu kafin azumi, an zauna cikin azumi. Kowane zama uku da uku ake tashi. Uku surukan gidan Mahmudu ne ko abokan cinikinsa. Ukun kuma sun ce wakilci ba gadon gida ba ne.

An je wa 'yan takarar biyu da maganar gawar. Kowannensu ya ce a ba shi kujerar tukuna, washegari zai je asibiti.

Cikin goman tsakiya na azumi Ɗaso ta fita, duk da tana takaba. Mahadi ne ya raka ta, wani tela mutumin Gumel da ɗakinsa ke jikin nasu, shi ma ba shi da takarda. Suka hau tasi zuwa Shisha, gidan Malam Mukhtaru, dattijon hoshin Damagarawa kuma mafi tsufa cikin bakwai ɗin. Kofinsa a farantin Sa'ud yake sauka.

Ya karɓe su a falo bayan la'asar. Ɗaso ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

"Baba Malam, mutumin nan yana cikin ƙanƙara," ta ce. "Kifi ake sawa a ƙanƙara."

"Ba a manta ba, Ɗaso. Haƙuri za ki ƙara."

"Kofi ɗaya ne fa. Ka ɗauke shi daga nan ka sa can, gobe a yi masa sutura. Shekara nawa yana ɗauko maka iskar gas har hawa na uku?"

"Na ba Mahmudu magana yana kwance cewa kofina na ɗansa ne. Hannuna yana cikin nasa."

"Shi an rufe shi ai," in ji ta. "A ranar ma aka rufe shi."

Malam Mukhtaru ya gyara zaman tabaransa.

Mahadi ya ce, "Allah gafarta Malam, in dattawa sun kasa, a bar mu mu zaɓa mana. Mu ne ke mutuwa ba takarda, ba ku ba. Wakilin nan gawarmu yake ɗauka, amma ba mu da baki a kansa. A gida ko sanata talaka ne ke dangwala masa."

"Wanda ka dangwala wa, ya san kana nan kana ɗinki a ɗakin da ba taga?"

"Bai sani ba. Amma kujerarsa ba ta zauna wata biyu ba kowa."

"Kai yaro ne a garin nan, ko da furfurarka," in ji dattijon. "Kana tsammanin iyayenmu sun ce bakwai su zauna don bakwai sun fi kowa hankali? Bakwai in sun zauna, shan gahawa ne. Ɗari biyu in sun zauna, taro ne. Ka san abin da ake yi wa taro."

"To a bar shi a ƙanƙarar?"

"Na ce a yi haƙuri."

A cikin tasi, da suka kusa gida, Ɗaso ta ce wa Mahadi ya yi duk abin da zai yi.

Ya fara da Abdulilah. Ya same shi a shago yana rigima da wani direba kan birki. Abdulilah haihuwar Makka ne, Hausarsa rabi Larabci. Ya saurara, ya yi lissafi a fuska, domin ya san 'yan haya sun fi masu gida yawa nesa ba kusa ba, kuma 'yan haya ba su manta yadda gidan Mahmudu ke ƙara musu haya ba.

"Tayyib," ya ce. "Amma fen, a ina za a yi? A hosh ba zai yiwu ba."

"Matarka ba ta kusa haihuwa ba?"

Abdulilah ya yi dariya. "Kai telan nan, har cikin matata ka auna?"

Aka tsayar da haka. Zai kama istiraha, irin gidajen biki da ake haya a bayan gari, a ce walimar suna ce. Sa'ud ya yarda bayan kwana biyu, saboda yana ganin sunan mahaifinsa zai ɗauke shi. Dattawa huɗu suka ce ba su hana ba, ba su kuma sa ba. Malam Mukhtaru ya aiko cewa ba zai zo ba.

An yi taron ranar Juma'a ta biyu bayan ƙaramar salla, da la'asar. An yanka raguna biyu, an yi shinkafa. Mutane suka riƙa zuwa biyu-biyu, uku-uku, wasu da rigunan aiki a cikin leda. Akwai 'yan dako, masu tura keken marasa lafiya, masu wanki, mata masu sayar da waina da masu aikatau a gidajen Shisha. Da yawansu ba su taɓa ganin juna a wuri ɗaya haka ba in ban da sallar gawa a Harami, inda cunkoso ke rufa wa kowa asiri.

Mahadi ya tsara yadda za a yi. Ya tara ƙwallayen dabino, ya rina su da bula don kada wani ya zo da nasa a aljihu. Bayan labule an ajiye jarkoki biyu, ɗaya da ɗaurin jan ƙyalle, ɗaya da fari. Kowa ya karɓi ƙwallo ɗaya, ya shiga, ya jefa, ya fita ta ɗaya ƙofar.

Ana shirin farawa Sa'ud ya tsayar. Ya zo da farar riga mai guga, yana riƙe da makullin mota.

"Lahza," ya ce. "Maza mun gansu. Mata fa? Duk baƙin abaya, duk niƙabi. Ɗaya ta shiga sau biyar, wa zai sani?"

"Ya Sa'ud, iyayenka ne fa," in ji Abdulilah.

"Iyayena ne, na'am. A ɗauka a waya. Kowa ya faɗi sunansa da hoshinsa, ya nuna fuska, ya karɓi ƙwallo. Maza da mata. In ba haka ba, ni ban san da wannan zaɓen ba."

Abdulilah ya ɗaga kafaɗa ya ce ba matsala. Shi da Sa'ud tun suna yara ake ɗaukarsu hoto a makaranta, a wurin aiki, a wurin biki, ba abin da ya taɓa biyo baya. Shaima, ƙanwar Abdulilah mai aiki a kantin magani, ta ce ita za ta ɗauki ɓangaren mata, kuma daga wayarta ba inda zai je sai wurin 'yan takara biyu.

Mahadi ya tsaya da kwanon ƙwallaye a hannu. Wasu maza da suka taɓa shiga tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a kora, suka ajiye farantan shinkafarsu suka nemi takalma. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya kusa da shi.

"Tela, ka ga abin da nake gani?"

"Na gani."

"To?"

Mahadi ya dubi ƙofar ɓangaren mata. Idan aka watse yau, babu wani taron. Ya ce a fara.

A ɓangaren mata an yi ta gardama. Wata mai waina ta ce ita mijinta ma sai da ya biya sadaki ya ga fuskarta, balle Sa'ud. Aka yi dariya, amma ba wadda ta matsa gaba. Shaima tana tsaye da waya a ɗage.

"Ya khala, minti ɗaya ne wallahi," ta ce. "Ni kaɗai ce zan gani, da su biyu."

"'Yar nan, ke in an ga fuskarki sai a ce masha Allah," in ji mai wainar. "Mu in an gani sai a ce ina iƙama."

Ɗaso ce ta tashi. Ta zo gaban wayar, ta ɗage niƙabinta har goshi.

"Ɗaso matar Hafizu Ɗan'auta. Hoshin Damagarawa, ɗaki na ƙarshe kusa da tanki."

"Ba sai kin faɗi ɗaki ba, ya khala."

"Na faɗa. Ba ni abin."

Ta karɓi ƙwallon ta shiga bayan labule. Aka ji ƙararsa a gindin jarka. Daga nan sauran suka bi layi.

Kafin magariba aka zazzage jarkokin a kan tabarma a gaban kowa. Abdulilah ya sami ɗari da arba'in da uku, Sa'ud hamsin da takwas. Sa'ud ya miƙa masa hannu, ya ce mabruk, ya fita bai ci abinci ba. Ɗaso ta aika Mahadi ya tambayi sabon wakili yaushe za a je asibiti. Ya ce Lahadi, in sha Allah. A daren ta fito da likkafanin da suka saya tare da mijin shekarun baya, wanda suka wanke da zamzam, ta shanya shi ya sha iska.

Ranar Lahadi Abdulilah ya je ofishin umda. Umdan ya ba shi shayi, ya tambayi lafiyar jariri, sannan ya tambaye shi wa ya kawo shi.

"Jama'a ce ta zaɓe ni."

"Wace jama'a?"

Abdulilah ya ajiye kofin shayin. Ba zai iya cewa mutum ɗari biyu da doka ba ta san da zamansu ba.

"Ni dattawa na sani," in ji umdan. "Tun zamanin mahaifina haka ake. Su zo da kai, su ce ga namu, in rubuta sunanka. Wannan da ka faɗa ban ji ba, kuma gara kada in ji."

Abdulilah ya koma wurin dattawa da hoton zaɓen a matsayin hujja. Ya tura wa ukun da ke bayansa. Sa'ud ya tura wa nasa ukun, yana nuna musu wata mata da ya ce ta shiga sau biyu. Dattawan ba su iya buɗe hoto a waya ba sai 'ya'ya da jikoki sun taya su. Kafin mako ya ƙare an ga hoton a zaurukan hirar dangi na waya a gidaje da dama, wani ya ɗora masa kiɗa, wani ya rubuta a ƙasa da Larabci cewa ga dimokuraɗiyya ta iso Ka'akiyya. Shaima ta goge nata, ta bi mutane tana roƙo su goge. Dattawan suka sake zama. Uku da uku.

Motocin sintiri sun zo wata ranar Laraba da safe, lokacin da yara suka tafi makaranta. Sun tsaya a ƙofar hosh huɗu cikin bakwai. A hoshin Damagarawa sun wuce ɗakunan gaba suka nufi na kusa da tanki. Ɗaso tana wanke tukunya. Ta nemi a bar ta ta ɗauki abu ɗaya, aka bar ta, ta ɗauko likkafanin ta miƙa wa wata yarinya 'yar masu gida ta ce a ba tela. Mahadi ya tafi kai ɗinki Kudai, shi ya sa ba a same shi ba. Mai wainar tana cikin waɗanda aka tafi da su.

Babu wanda ya tabbatar cewa hoton ne ya kawo motocin. Kowace shekara ana irin wannan shara kafin aikin hajji. Masu cewa hoton ne suna nuni da cewa hosh ukun da aka tsallake su ne waɗanda mutanensu suka fi ficewa kafin a fara ɗaukar hoton. Masu cewa ba shi ba ne suna cewa waɗannan ukun an share su bara. Gidan Sa'ud sun rantse ba daga wurinsu ya fita ba. Gidan Abdulilah ma haka.

An kira Abdulilah wani ofishi, ya yini a can. An tambaye shi walimar suna da ake jefa ƙwallo a jarka. Ya sa hannu a kan alkawarin ba zai sake tara mutane ba. Da Mahadi ya je shagon, bai bar shi ya shiga ba, ya fito suka tsaya a bayan wata mota.

"Khalas, ya Mahadi. Ina da 'ya'ya, ina da shago. Na janye."

"Mutum ɗari da arba'in da uku suka jefa maka."

"Ina suke yanzu?"

"Wasu suna tarhil. Saboda kai suka ɗaga fuska."

"Saboda ni? Wa ya zo shagona da maganar?" Ya duba hagu da dama. "Kada ka sake zuwa nan. Don kanka nake faɗa."

Janyewarsa ba ta ba Sa'ud kujerar ba. Al'ada ta ce kofi huɗu, shi kuwa uku gare shi. Dattawa ukun da ke bayan Abdulilah sun ce hannunsu ba zai kifa kofi a gaban wanda ya kawo maganar waya ba, ko da shi kaɗai ya rage a duniya. Sun ce za su kawo wani suna. Ba su kawo ba tukuna, domin duk wanda aka taɓa sai ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara.

Mahadi ya koma Shisha shi kaɗai, a ƙafa ta lunguna, likkafanin yana cikin leda. Malam Mukhtaru ya buɗe masa da kansa. Bai ce na faɗa maka ba. Ya tambayi su wa da wa aka kama, Mahadi ya lissafa, dattijon yana gyaɗa kai a kan kowane suna.

"Yanzu da za a ce in sauya, da na sauya," in ji shi. "Amma farantin da zan sauya zuwa gare shi babu shi."

"Ka roƙi ɗaya daga cikin ukun ya dawo wurin Sa'ud."

"Na roƙa. Na Katsinawa ya ce sai ya mutu an rufe shi, a zo a ɗauki kofin."

"Kai ka je wurin umda mana, Malam. Ya san ka."

"Na je jiya. Ya ce ya san ni dattijo, bai san ni wakili ba." Ya dubi ledar. "Mene ne wannan?"

Mahadi ya faɗa masa. Ya ce ba shi da wurin ajiye shi, don shi ma ba ya kwana a ɗakinsa yanzu. Malam Mukhtaru ya karɓa da hannu biyu, ya kai shi ciki.

Ɗaso ta kira sau ɗaya daga tarhil, da wayar wata mata. Ba ta tambayi zaɓe ba. Ta tambaya ko an je asibiti. Mahadi ya ce ana kan magana.

"An ce mini in na tafi ba ni da sauran ta cewa," in ji ta. "Ba mata, ba wakili, sai su rufe shi tare da waɗanda ba a san su ba. Haka ne?"

"Haka na ji."

"To in sun yi, ka nemi wanda zai nuna maka wurin. Ko layin kabarin ne ka sani." Aka yi magana a bayanta da Larabci. "Mai wayar tana so. Ka gaida Baba Malam."

Asibitin ya shaida wa Malam Mukhtaru cewa ana rage ɗakin sanyi kafin mahajjata su cika gari, kuma ba za a sanar da ranar ba. An gaya wa waɗanda ke tsare cewa jirgin Yamai na iya tashi kafin tsakiyar Zulƙida. Dattawan sun sa zama ranar Juma'a bayan la'asar a gidan na Katsinawa. Zuwa yammacin Alhamis, uku ne suka ce za su zo.